Koriyar Fitila

"Ya kama?" Umma ta tambaya, tana gyara ɗankwali.

Na jona kyamara da 'yar kwamfuta mai girman sabulu, don Yaya ya riƙa ganinta kai tsaye daga ƙasar da yake aiki.

"Idan fitilar nan ta yi kore, yana kallonki."

Yaya bai taɓa shiga ya kalle ta ba. Sai na riƙa laɓewa a kicin, ina buɗe kyamarar a wayata. Da fitilar ta yi kore, Umma sai hira: "Sarkin ƙyuya, kana cin abinci kuwa?"

Yau ta dubi kyamarar ta ce, "Auta, rage ƙarar wayar nan, tun ranar farko nake jiyo muryata daga kicin. Amma kar ki kashe, ban gama ba shi labari ba."