Tambayar Dakta Afaf

Duk wanda ya fito daga ɗakin ganawar sai ya fito yana sharce gumi, ko da yake fanka na juyawa a ciki. Basant na zaune a baranda tana kallonsu. Ta gama karatun likita a nan Iskandariya ta Masar, yanzu gurbi take nema a sashen binciken ciwon daji, gurbin kuwa guda ne tak.

Sharuɗɗan da aka sani duk ta cika su: sakamako mai kyau, shekarar aikin asibiti, shaidar malamai. Sharaɗin da ba a rubuta ba shi ne Dakta Afaf, shugabar sashen, wadda aka ce ba ta taɓa yaba wa kowa ba.

Da aka kira ta, ta tarar da malamai uku. Dakta Afaf ce a tsakiya, 'yar siririya cikin farar riga da ta yi mata yawa, shayinta ya huce ba ta taɓa ba. Ba ta amsa gaisuwa ba. Hoton hantar wata mara lafiya ta ɗora a allo, ta ce Basant ta ɗauka matar ce zaune a gabanta tana tambayar kwana nawa suka rage mata a duniya.

Waɗanda suka riga ta shiga sun faɗa mata amsoshinsu a baranda. Wani ya ce rai na hannun Allah, wata ta ce sai an ƙara gwaji. Basant ta daɗe tana duban hoton. Dakta Midhat, dattijon da ke gefen dama, ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

Basant ta ce, "Zan ce mata, Hajiya, rai na Allah ne, amma ciwon ya bazu. Da wuya ki ga azumi mai zuwa. In akwai wanda kike son gani, ki kira shi yanzu."

Basant ta tabbata ta rasa gurbin.

Dakta Afaf ta ce wa Basant ta zo aiki ranar Lahadi, farkon makon aiki a Masar, kuma kada ta makara. Sannan ta juya ga dattijon.

"Ka ji yarinya ko, Midhat? Kai kuwa tun bazara nake tambayarka game da hantar nan tawa, kana ce mini in ƙara cin abinci."