Uwar Garke a Bakin Gona

Tun da hukuma ta shata makiyayar Kwarin Ɗinya, kowace saniya da ƙarfenta a wuya. In ta kusanci gona sai ya yi ƙara, ta juya.

Bayan girbi, Ja'e makiyayi ya biyo da garkensa ta gonar amininsa, Malam Barau.

"Shigo da su su ci kara, su bar mini taki," in ji Barau. "Kamar zamanin iyayenmu."

Ja'e ya san laifi ne, amma ya kwance wa uwar garken ƙarfenta. Ya shiga gonar, ya yi mata kiran da kakansa ya koya masa.

Ta taho har iyaka, ta ja ta tsaya, alhali ba shinge, ba ƙara.

"Ƙyale ta, Ja'e," Barau ya ce a hankali. "Ita ba ta taɓa sanin gonar aboki ba."