Jakar da Aka Karɓa a Ƙofar Jirgi

Jakar tana kan tebur, ta ƙone ƙurmus, ruwan 'yan kwana-kwana yana ɗiga daga gindinta. Minti ashirin da tashin jirgi hayaƙi ya tashi a rumbun kaya, matuƙi ya juyo da mutum ɗari da arba'in, da kyar aka sauka lafiya. Wani batirin cajin waya ne ya kama da wuta a cikinta.

Manajan fasinjoji ya cika ya yi fam. Shekara goma sha biyu yana faɗa: batiri a hannu ake riƙe shi, inda idan ya fara hayaƙi ido zai gani, ba a cusa shi a rumbu. Ga shi yau ko karyawa bai yi ba, ma'aikata biyu ba su zo ba, tun safe yake gudu tsakanin ofis da ƙofa har muryarsa ta dishe.

Mai jakar wani tsoho ne, hannuwansa biyu a kan sanda. Manaja ya rufe shi da faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba.

"Baba, da girmanka? Ka kusa hallaka jama'a! Wallahi sai ka yi bayani a gaban alƙali."

Tsohon ya karkata kai kamar mai sauraron rediyo.

Jami'ar bincike, wadda ke gefe tana rubutu, ta ce a bar shi ya yi magana.

Ya ce shi a hannu ya riƙo jakarsa, don jikarsa ta ja masa kunne kada ya rabu da ita. Sai a ƙofar jirgi aka ce ma'ajiyar kaya ta saman kujeru ta cika, aka shiga karɓe jakunkunan mutane ana turawa rumbu. Sau biyu ya ce akwai batiri a ciki, aka fizge ba a saurare shi ba.

Nan fa wutar ta koma kan ma'aikata. Manaja ya buga tebur, ya rantse a gaban kowa cewa duk sakaran da ya aikata wannan, yau zai ajiye katin aikinsa, ko ɗan waye shi. Ya sa aka jera masu tsaron ƙofa su huɗu a jikin bango.

"Baba, duba su da kyau," in ji jami'ar. "Wanne ne?"

"Ido ya daɗe da tafiya, 'yata, fuska ba na gani," in ji tsohon. "Amma ku sallami yaran nan. Muryar da ta ce min 'wuce, kana ɓata mana lokaci', ita ce take ta yi min tsawa tun da na shigo ɗakin nan."