Ruwan Shuɗin Duro

Auta ta kulle sukari a kabad, ta kawo shuɗin duro daga wurin aikinta, ta kafa wa Baba da Mama doka: su sha ruwan duron kofi takwas kullum.

Mama ta bi doka sau da ƙafa, sukarinta ya haura. Na Baba, sarkin taurin kai, ko gezau.

A asibiti, likita ya ji labarin duron, ya dubi sakamakon gwaji. "Me aka taɓa zubawa a duron nan?"

"Maganin ƙwari," in ji Auta. "Amma sau biyu na wanke."

"Har sau biyu! Sannu da ƙoƙari," in ji Baba.

"Kai ya ka tsira?" likita ya tambaye shi.

"A gindin furenta nake juye nawa."

Auta ta zabura. "Furena da ya bushe?"

"Shi ma bai taɓa tsallake dokarki ba."