Inuwar Darbejiyar Ƙofar Gidanmu

Tun da ƙaramar hukuma ta ce duk bishiyar da ke bakin titi tata ce, sai ta ba wani kamfanin cajin motoci hayar inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu. Ba a sare ta ba. An dai ɗaura mata wani ƙarfe a gindi, mai ƙara da zarar inuwar ta taɓa mutum.

Ranar da muka binne Yaya Ɗantala, a rana muka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Babu mota ko ɗaya a ƙarƙashin bishiyar.

Bayan azahar inuwar ta miƙo har ta taɓa ƙafar Malam Na-Allah, limamin unguwarmu, yana tsakiyar addu'a. Ƙarfen ya fara ƙara.

"Ku ja tabarma," in ji shi, ko hannu bai sauke ba. Muka tashi muka ja.

Wani baƙo ya dubi bishiyar. "Wa ya shuka ta ne?"

"Marigayin," na ce. "Da ruwan alwalarsa ya raine ta."

"Allah ya sa ta zame masa inuwa a can."

Muka ce amin, muka ƙara matsawa cikin rana.