Gahawar Baba a Rana

Yanzu a Jimeta ba abin mamaki ba ne ka ga shuka a falo. A zamanin Jihar Arewa maso Gabas kuwa, gidanmu kaɗai na sani da ita. Baba malamin gona ne. Ya taho da dashen gahawa daga Mambila, ya sa a garwar kananzir kusa da tagar ɗakinsa. Shekara uku yana ba ta ruwan randa, yana goge ganyenta da tsumma, sai a bazarar nan ta yi fure fari mai ƙamshi kamar na lemo.

Ran nan yana wurin aiki Goggo, yayarsa, ta zo daga Ngurore. Ta yi shekara arba'in tana noma.

Ta ce, "Wa ke kulle shuka a ɗaki kamar mai jego? Kama mini, yaro."

Muka fitar da ita tsakar gida da hantsi. Kafin la'asar ganyen ya ƙone, furen ya zube.

Baba ya jingine kekensa, ya tsuguna a gabanta. Ya ɗaga kai ya dubi Goggo.

Ya ce, "Adda, a inuwa take rayuwa."

Daga baya na ga gahawa a Habasha da Kamaru, duk a ƙarƙashin manyan itatuwa, kuma kowane lokaci sai gabana ya faɗi.

Shukar ba ta farfaɗo ba. Goggo ta koma Ngurore washegari, ba ta sake kwana a gidanmu ba.