Lambar da Ta Ƙi Shiga

Wani mutum ya kai wa tebur naushi, kofin shayi ya tarwatse ya yanki hannun Zubaida. Ita ce ta rubuta manhajar rajistar masu yankan riɗi a Gadarif, ƙasar Sudan. Sau huɗu magatakarda yana shigar da lambar katin mutumin, manhajar tana ƙi, wai akwai mai ita a ciki, shi ne aka kirawo ta.

Ya shaƙo mayafinta. "Ke, lorin gonakin Gedambaliya zai tafi ya bar ni. Ki gyara, ko in fasa miki kai da na'urar nan."

"Haƙuri, ya zol, bawan Allah. Lamba ɗaya ba ta hawa kan mutum biyu. Bari in ga wanda ya riga ka."

Jini na ɗiga, ta buɗe rumbun bayanai. To, jama'a, ashe layin gwaji ne da ta manta ba ta goge ba. Ranar da ta fara aikin, lambar da ta haddace ta sa, ta mijinta Abdulhamidu, wanda aka harbe har lahira a hanyar Madani aka kwashe masa aljihu, har da katinsa.

Ta yafito mai gadi ya rufe ƙofa.

"Na gano matsalar," ta ce a hankali, tana kallon baƙon da ke riƙe da katin mijinta. "Zauna, Abdulhamidu."